Shekara biyu cikin yaren kwantara: ɗan koyon aikin solisita a manyan ofisoshin Landan

1. Matsalar suna

A Hausa muna da kalmomi biyu na aro ga mai aikin shari'a irin ta Nasara: lauya daga Ingilishi, awoka daga Faransanci. Duka biyun hoto guda suke kawo ma mai sauraro, wato mutum cikin baƙar riga yana kare wani gaban alƙali. Wannan hoto bai dace da solisita na Ingila ba. Can an raba sana'ar gida biyu. Barista shi ne gwanin tsayawa gaban manyan kotuna. Solisita kuwa shi mai buƙata ke fara samu, ya ba shi shawara, ya rubuta masa takardu, in ta kama ya ɗauko barista. Faransa ta san wani rabo mai kama da wannan, amma dokar 31 ga Disamba 1990 ta haɗe conseil juridique da avocat daga 1992. A Nijeriya mutum guda ke riƙe sunayen biyu, shi ya sa Hausar can ba ta matsu da bambancin ba.

Haka kuma trainee solicitor ba daidai yake da avocat stagiaire na wajenmu ba, wanda ya riga ya yi rantsuwa, yana sa riga. Na Landan ma'aikaci ne mai albashi wanda sunansa bai shiga rajistar sana'a ba tukuna. A nan za mu kira shi ɗan koyo. Abin da muke so mu nuna shi ne, a manyan ofisoshi, shekarunsa biyu na koyo galibinsu koyon wani yare ne.

2. Hanya da tsarin aiki

Daga 1993 hanyar ita ce kwas ɗin LPC, sa'an nan kwantarar koyo ta shekara biyu. A 2021 hukumar SRA, mai kula da solisitoci, ta kawo jarrabawar SQE: kashi na farko tambayoyi 360 ne na zaɓen amsa, na biyu gwaji 16 na aiki, baki da rubutu. Shekara biyun aiki suna nan, sai dai ana iya tara su a wurare har huɗu. Manyan ofisoshi irin su Clifford Chance, Linklaters da Slaughter and May sun riƙe tsohon tsari: mataki huɗu, kowane wata shida, a sashe daban, kamar sashen kamfanoni, na banki da lamuni, na ƙararraki. Sau da yawa mataki guda a wani reshe na waje ake yin sa, Paris ko Singapur ko Dubai. Sunan matakin seat, wato kujera, domin ɗan koyo a ɗakin mai kula da shi yake zama, yana jin yadda yake magana da masu kuɗi ta tarho.

A 2024 albashin shekarar farko a irin waɗannan ofisoshi fam 56,000 ne, wanda ya ƙware kuma ya fara da fam 150,000, sama da miliyan 110 na sefa. Ba kyauta ba ce. Ana ƙidaya lokaci da minti shida-shida, awa kashi goma, kowane kashi a rubuta abin da aka yi a cikinsa da sunan wanda zai biya. Idan ciniki ya kusa ƙulluwa, kwana a biro ba abin mamaki ba ne.

3. Abin da ake koyo

Me ɗan koyo ke yi cikin waɗannan awoyi? Yana karanta ɗaruruwan takardun kamfanin da za a saya, yana neman sharaɗin da zai ba wani damar janyewa in mai kamfani ya canza. Yana riƙe jerin takardun da banki ya ce sai sun cika kafin ya saki kuɗi. Yana kwatanta zubi na bakwai da na takwas na kwantara guda. Mafi yawa kuma, yana bin kalmomi. A kwantarar Ingilishi, kalmar da aka fara da babban baƙi ba ta da ma'anar ƙamus, sai wadda aka yanka mata a sashe na farko: Company kamfani ne guda da aka ambata, company kowane kamfani ne. Aikin ɗan koyo ne ya tabbatar duk kalma mai babban baƙi an bayyana ta, kuma in aka ƙara sakin layi, duk wata nuni zuwa lambar sashe ta bi sabon lissafi. Mu masu nazarin harshe sai mu ce kowace kwantara tana ɗauke da ɗan ƙamus nata, wanda ba ya aiki wajenta.

Ana iya ɗauka wannan wahalar da yaro ce kawai. A ganinmu ba haka ba ne, kuma dalilin yana cikin yadda alƙali ke karanta takarda. Dokar farar hula ta Faransa, a tsohuwar aya ta 1156 wadda ta koma 1188 a 2016, ta umurci alƙali ya nemi niyyar da ɓangarorin suka yi tarayya a kai, kada ya tsaya ga zahirin lafazi. Alƙalin Ingila ba niyyar zuci yake nema ba. Yana tambayar abin da mai hankali, wanda ya san yanayin, zai fahimta daga rubutun. Tun shari'ar Prenn da Simmonds ta 1971, ba a ma karɓar abin da aka faɗa wajen ciniki a matsayin hujjar fassara.

Shari'ar Arnold da Britton, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2015, ta nuna inda wannan ke kaiwa. Wasu ƴan gidajen hutu ne a gaɓar teku kusa da Swansea, an ba da hayarsu ta shekara 99. Takardar ta ce kuɗin hidima fam 90 ne, yana ƙaruwa da kashi 10 cikin 100 kowace shekara. Lokacin da aka rubuta, tsadar kaya tana hawa da sauri, sharaɗin bai tsorata kowa ba. Amma ƙari bisa ƙari, kafin 2072 kuɗin gida guda zai haura fam dubu 500 a shekara. Masu haya suka ce ba wanda ya nufi haka. Kotu ta ce lafazin a fili yake, ba aikinta ba ne ta ceci mutum daga mugun ciniki. Wanda ya san wannan hukunci zai gane abin da ya sa kwantarar Landan ke kai shafi ɗari biyu, da abin da ya sa ake biyan mutum ya duba shall da may, wato wajibi da izini, layi bayan layi. Ko tsakanin best endeavours da reasonable endeavours, da mai Faransanci zai zuba su duka cikin obligation de moyens, kotu ta bambanta a shari'ar Rhodia da Huntsman ta 2007: na biyu yana iya cika da bin hanya guda mai ma'ana, na farko sai an bi duka.

A Fabrairun 2023 ofishin Allen & Overy, wanda ya zama A&O Shearman a 2024, ya ba lauyoyinsa manhajar Harvey mai tsara rubutu. Kwatanta zubi da farautar kalmomi su ne na'ura ta fi saurin ɗauka, alhali ta cikinsu ne ɗan koyo ke samun kunnen yaren.

Akwai wani tarko da ya shafe mu kai tsaye. Ingilishin shari'a cike yake da Faransancin da Normandawa suka kai bayan 1066. Mortgage, jinginar gida, mort gage ne. Saboda haka mai Faransanci yakan ga kalma ya ɗauka tasa ce. Dubi force majeure. A Faransa ayar 1218 ta bayyana ta, ko kwantara ta yi shiru doka na nan. A dokar Ingila ba ta da tsayayyar ma'ana: abin da aka jera a sashen shi kaɗai ne uzuri. Nijar tana cikin OHADA, wadda aka ƙulla a Port-Louis a 1993, amma lamuni da yawa na ƙasa da ƙasa dokar Ingila ko ta New York suke zaɓa. Jami'in da ya yi karatu a Yamai ko Dakar yana iya ganin force majeure cikin irin wannan takarda ya wuce da kwanciyar rai, bai duba ko an jera rufe iyaka ko takunkumi ba. Ga masu fassara zuwa Hausa shawararmu ita ce kada a ba kalmar fassara guda kamar "abin da ya fi ƙarfin mutum" sai an fara duba sashen da ya faɗi dokar ƙasar da ke mulkin kwantarar, wanda galibi can kusa da shafin sa hannu yake.