Yunwar Uwa da Saitin Ma'aunin Ƙoshi a Jikin Ɗan Tayi

1.0 Gabatarwa

An daɗe ana ɗaukar yawan ci a matsayin hali, wato kwaɗayi ko rashin kamun kai. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa wani ɓangare na ma'aunin da ke sanar da mutum ya ƙoshi, tun yana cikin mahaifa ake saita shi, kuma abincin uwa yana da hannu a wannan saiti.

2.0 Yunwar Holan

A hunturun 1944 zuwa 1945, sojojin Jamus sun toshe hanyar shigar abinci yammacin ƙasar Holan, har rabon da hukuma take ba babban mutum ya faɗo zuwa kalori 400 zuwa 800 a rana. Da yake yunwar tana da farko da ƙarshe sanannu, kuma an ci gaba da rubuta haihuwa, sai masana suka sami damar bin sawun 'ya'yan. A 1976 Ravelli da abokan aikinsa suka nazarci samari kimanin 300,000 masu shekara 19 da aka auna don aikin soja. Waɗanda yunwar ta riska a rabin farko na goyon ciki sun fi yawan ƙiba. Waɗanda ta riska dab da haihuwa kuwa, ƙibar ta ragu a cikinsu. Ke nan lokacin da yunwar ta zo shi ne abin lura. Hales da Barker sun fassara irin wannan a 1992 da cewa ɗan tayi yakan shirya jikinsa don zaman tsimi, sai wadata ta same shi ba shiri.

3.0 Baƙi da Wasali

Yunwa ba ta canza ƙwayoyin gado su kansu. Ana iya kwatanta su da rubutun ajami: baƙaƙen suna nan daram, amma wasullan da aka ɗora musu su ke sauya karatun. A jiki, ɗaya daga cikin waɗannan wasulla shi ne wani ɗan sinadari mai suna metil, wanda idan ya manne wa ƙwayar gado yakan rage mata murya. A 2008 an gano cewa waɗanda aka ɗauki cikinsu a yunwar Holan suna da ƙarancin metil a kan ƙwayar IGF2 idan aka gwada da 'yan'uwansu na ciki ɗaya, bayan shekara 60.

Cibiyar ci tana wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamus. Kitsen jiki yana aika mata da sinadarin leftin, wanda aka gano a 1994. Shi ke zaburar da jijiyoyin POMC masu cewa "ya isa", ya kuma kwantar da na NPY masu neman ƙari. A gwajin da Vickers ya yi a 2000, 'ya'yan ɓerayen da aka tauye wa abinci sun tashi da ci fiye da kima, abinci mai maiƙo kuma ya ƙara ta'azzara lamarin. Bayan shekara 5 aka nuna cewa allurar leftin a kwanakin farko na haihuwa tana hana hakan. Sai dai ɓera ba mutum ba ne, kuma yawancin shaidar da ake da ita a kan ɗan'adam daga jini aka samo ta, ba daga ƙwaƙwalwa ba. Wannan ya isa ya sa mai nazari ya yi taka-tsantsan.

Shaidar da ta fi kusa da yanayin ƙasar Hausa ta fito ne daga ƙauyukan yankin Keneba a Gambiya, inda rumbu yake yin ƙasa da damina, aikin gona kuma ya yi yawa. An tarar yaran da aka ɗauki cikinsu da damina sun fi na rani yawan metil a kan POMC, wanda wani binciken ya alaƙanta da ƙiba. Wannan tambari yana sauka ne a kwanakin farko na shigar ciki, tun matar ba ta yi ɓatan wata ba, balle a yi zancen zuwa awo.