Ani, Tsuntsun da Ke Zaman Gandu

Hankaka, mai da ɗan wani naka! Kirarin yana da tushe: akwai wani tsuntsu cikin dangin da masana ke kira kuku, wanda ke sulalewa ya saka ƙwai a sheƙar hankaka, ya bar shi da wahalar reno. Amma ba duk dangin ne ke da wannan hali ba. Ragon maza namu ɗan gidan ne, kuma da kansa yake renon 'ya'yansa. Can a nahiyar Amurka kuwa, daga kudancin Fulorida da tsibiran Karibiyan har arewacin Ajantina, akwai ani, wanda zaman gandu ya zaɓa.

Baƙi ne wuluk, tsawonsa kamar santimita 35, kusan rabi duk jela ce, tana reto kamar an ɗaura masa ita da zare. Baki ake dubawa: mai kauri, da tozo a sama. Iri uku ne. Ɗaya bakinsa sumul, ɗaya da tsaga-tsaga kamar zanen fuska, babbansu kuma idonsa fari. Tashinsa ba kyan gani, 'yan fuka-fuki ne sai ya yi lilo ya faɗa kan reshe.

Yana bin shanu kamar balbela, yana cafke fara da ƙwarin da kofato ya tayar. Sunansa na kimiyya, Crotophaga, na nufin mai cin kaska, ko da yake kaska ba ita ce cimarsa ta kullum ba.

Abin kallo yana sheƙa. Ma'aurata biyu, uku, wani lokaci huɗu, su haɗu su gina ɗaya, matan su zuba ƙwai wuri guda, shuɗɗa masu farin ɓawo kamar an shafa alli. Kwanci da ciyarwa da gadi duk karɓa-karɓa ake yi.

Sai dai gidan ba ya rasa kishi. A 1977 Sandra Vehrencamp ta wallafa abin da ta gani a Kosta Rika wurin mai tsagar baki: macen da ba ta fara saka ƙwai ba takan mirgino na 'yan uwanta waje. Ranar da ta saka nata ta daina, don ba ta iya bambance su. Wadda ta riga kowa sakawa ita ce ke kwasar asara, ta ƙarshe kuwa ba mai taɓa nata.