Ko Kun Sani? Kwamfutar da ke shiga talabijin ta ramin eriya

A 1982 kamfanin Sinclair na Ingila ya fito da kwamfutar ZX Spectrum, amma babu allon kallo a tare da ita. Talabijin ɗin falo ake jona mata ta ramin eriya, ko da kuwa maigida na jiran labarai. A cikin kwamfutar akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da ke aika hoto tamkar ƙaramar tashar talabijin, sai a yi ta murɗa talabijin ɗin har a kamo tasha ta 36. Hoton kuwa dishi-dishi, launuka na malala cikin juna. Masu adana ta a yau sukan kwance ta, su kauce wa akwatin nan, su kai hoton kai tsaye zuwa ramin bidiyo mai ruwan ɗorawa na talabijin.