Riƙon Yara: Abin Da Ya Kamata Miji Da Mata Su Sani

Riƙo daɗaɗɗiyar al'ada ce a ƙasar Hausa. A Toranke da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Ajingi da Gaya, ba baƙon abu ba ne a tarar da ɗan riƙo a gida, ko maraya, ko ɗan 'yan'uwa, ko yaron da auren iyayensa ya mutu. Sai dai sau da yawa maigida kan karɓo yaro ba tare da shawartar uwargida ba, alhali ita ce za ta wuni da shi. Daga nan ɓacin rai ke farawa, kuma a kan yaron yake ƙarewa: a tura shi talla ko ɗiban ruwa, 'ya'yan gida kuwa su tafi makaranta.

Don haka ana kira ga ma'aurata da su zauna su daidaita tun kafin yaro ya iso. A tsayar da magana kan ciyarwa, sutura, magani, karatu da ziyarar danginsa. Idan gidan mata biyu ne ko fiye, a bayyana ɗakin da zai zauna.

Yaron da ya rabu da iyayensa kan yi fitsarin kwance, ko yawan kuka, ko ƙin magana. Wannan alamar kewa ce, duka ba ya maganinta. Idan rai ya ɓaci, a yi shiru, a zauna, a yi alwala kamar yadda Sunna ta koyar, sannan a yi magana. Kada miji da mata su yi gardama a kan yaro a gabansa, kuma kada a goranta masa.

A Shari'a, riƙo ba ya sauya nasaba. Yaro zai ci gaba da amsa sunan mahaifinsa, kuma ba ya gadon mai riƙonsa, amma ana iya yi masa kyauta, ko wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiya ba.

A shekarar 2023 Jihar Kano ta kafa Dokar Kare Haƙƙin Yara. Dagatai, masu unguwanni da limamai su riƙa sanin 'ya'yan riƙon da ke yankunansu. Saɓanin da ya gagari dangi a kai shi ofishin Hisbah ko sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma tun bai kai ga cutar da yaro ba. Ɗa na kowa ne.