Gyaran Rumfar Inabi Bayan Iskar Hadari Ta Yi Ɓarna

GABATARWA

Noman inabi ya kafu sosai a Ƙaramar Hukumar Kudan, musamman wajajen Hunƙuyi. Manoman Ɗandamisa da sauran ƙauyukan Maƙarfi da Ikara kuwa ƙasarsu iri ɗaya ce da ta Kudan, hadarin da ya taso wa wannan shi ne yake taso wa wancan. Saboda haka wannan takarda ta shafi duk wanda yake da rumfar inabi a wannan yanki, da wanda yake shirin kafawa.

Inabi ba kamar masara ba ne da za a ce in ta bana ta lalace sai a jira baɗi. Yakan ɗauki shekara 2 zuwa 3 kafin ya fara ba da amfani sosai, in kuma ya sami kulawa yakan yi shekara 20 ko fiye yana haihuwa. Ga kuɗin waya, ga na dirkoki, ga wahalar ban ruwa. Duk wannan iskar dare ɗaya tana iya kwantar da shi ƙasa.

To, abin da ya kamata manomi ya riƙe shi ne: inabin da ya kwanta bai mutu ba. Ransa yana cikin saiwa da gangar jiki. In an bi gyaran daki-daki cikin kwana 2 zuwa 3, yawancin itatuwan za su tashi. Gaggawar sara da fizga ita ce takan ƙarasa abin da iska ta bari.

ME YA SA RUMFA TAKE FAƊUWA?

A ƙasar Zariya ana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, wato wajen inci 40, daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba. Iska mai ƙarfi ta fi zuwa a farkon damina da kuma ƙarshenta, kuma yawanci daga gabas take bugowa. A watan Agusta kuwa ƙasa takan jiƙe sharkaf, gindin dirka ya yi laushi.

Rumfar da ganye ya rufe tamkar tabarma ce aka shanya a tsaye: iska ba ta da wurin wucewa, sai ta tura. A lura, idan gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfin turinta sau 4 yake ninkawa. Ga kuma nauyin jiƙaƙƙen ganye da 'ya'ya.

Duk wannan nauyi waya ce take ɗauka, ita kuma ta kai shi ga dirkokin bakin layi, wato na farko da na ƙarshe. Dirkokin tsakiya ɗaga waya kawai suke yi. Shi ya sa rumfa daga baki take fara faɗuwa. Da zarar dirkar baki ta sunkuya, waya ta saki, sai na tsakiya su bi ta ɗaya bayan ɗaya. Sauran masu laifin su ne gara, da tsatsa, da ramin da bai yi zurfi ba.

RANAR FARKO: A DUBA TUKUNA

1. Kada a shiga gonar ana walƙiya da tsawa. Wayar rumfa tana ɗaukar tsawa daga wannan baki zuwa wancan.
2. Idan wayar lantarki ta faɗo a kan rumfa, kada kowa ya taɓa, a hana yara zuwa, a sanar da ma'aikatan lantarki.
3. A sa takalmi, a riƙe sanda. Maciji da kunama suna son ƙarƙashin ganyen da ya kwanta.
4. A buɗe wa ruwa hanya. Saiwar inabi ba ta jure kwanciyar ruwa; in ya daɗe a gindinsa sai ta fara ruɓa.
5. A zaga layi-layi a ƙidaya dirkokin da suka karye, da waɗanda suka tuge, da inda waya ta tsinke. Da wannan lissafi za a tafi kasuwa.

Kada a sari kome a wannan rana. Reshen da ya yi yaushi da safe sau da yawa yakan farfaɗo kafin yamma.

TA DA RUMFA

Rumfa ake fara tayarwa kafin a taɓa itacen, don in an ɗaga inabi ba inda zai kama, sake faɗuwa zai yi, karayar ta ƙaru. Aikin ba na mutum ɗaya ba ne. A nemi mutum 4 ko 5, ko da gayya ce.

1. A tanadi sanduna masu baki biyu, tsawon ƙafa 6 zuwa 7, don tokara.
2. A sassauta waya daga dirkar baki. Kada a ja layi ya miƙe da igiya ko da babur, domin hannuwan inabin za su tsage.
3. A jeru, a ɗaga waya tare da rassan da ke kanta gaba ɗaya, sannu sannu, ana tokarawa. A fara daga gefen da bai faɗi ba a nufi inda ɓarnar ta fi yawa.
4. A gyara dirkokin baki, sa'an nan na tsakiya.
5. A ja waya daga ƙarshe, ta sama tukuna, sannan sauran. Inda ta tsinke a ƙara guntun sabuwa a murɗe da filaya. Wayar da tsatsa ta ci a canza ta ɗungum, don in an ƙulla nan gobe can za ta tsinke.

Da sassafe ko da la'asar ya fi kyau a yi wannan aiki, lokacin da rana ba ta da zafi.

JIYYAR ITACEN

Bayan rumfa ta tsaya sai a bi itatuwan ɗaya-ɗaya. A wasa wuƙa ko almakashin yankan reshe. A riƙa tsoma su cikin ruwan bilic, kashi 1 na bilic da kashi 9 na ruwa, kafin a wuce daga wannan itace zuwa wancan, don kada a yi ta rarraba cuta.

(a) Wanda ya karkata, saiwa ta ɗago. A miƙe shi tun ƙasa tana da danshi. A mayar da ƙasa a danna da ƙafa, a kafa masa sanda a ɗaure, a rufe gindin da busasshiyar ciyawa, amma kada ta manne da jikin itacen saboda gara.

(b) Reshen da ya tsage amma ɓawo yana riƙe. A haɗa bakin tsagar ya zauna daidai, a naɗe da robar tayar keke, a tallafe shi a kan waya. In an yi haka cikin kwana 1 ko 2 yakan haɗe. Bayan mako 6 zuwa 8 a kwance robar, in ba haka ba za ta shaƙe reshen.

(c) Reshen da ya karye sarai. A yanke shi a bayan karayar, inda itace yake da lafiya, kamar inci 1 a gaban ido. A yi yankan a karkace don ruwa ya zurare. Idon nan shi zai fid da sabon toho.

(d) Wanda gangar jikinsa ta karye. Nan ne manoma da yawa sukan fid da rai su tone. Kada a tone. A yanke a ƙasan karayar da zarto. Cikin 'yan makonni toho zai fito. A zaɓi 2 mafi ƙarfi, a cire sauran, a bi da su sanda har waya. Daga baya a bar guda. Za a yi asarar girbi 1 ko 2, amma tsohuwar saiwa ta fi sabon dashe saurin maido da itace nesa ba kusa ba. Idan inabin mai aure ne, a tabbata yankan yana sama da wurin auren, kuma tohon da ya fito a ƙasan auren a cire shi.

Wajen ɗauri a yi amfani da tsumma, ko igiyar rama, ko roba. A gitta igiyar tsakanin reshe da waya kamar lamba 8, a bar wurin da yatsa zai shiga. Kada a ɗaure reshe da waya ko zaren buhu, suna yanka.

Karyayyun rassan da suka ƙosa, masu launin ƙasa-ƙasa da kaurin fensir, ba abin yarwa ba ne. A yanka su tsawon ƙafa 1, kowane da ido 3 ko 4, a dasa a leda a inuwa. Da su za a cike gurbin waɗanda suka mutu. Ɗanyun rassa kore da ganyen da ya zuba kuwa a kwashe a fitar daga gonar a binne.

'YA'YA DA GANYE

Idan iskar ta zo da ƙanƙara, ko nonon inabi ya bugi ƙasa, a tsince fasassun 'ya'yan da almakashi. Ƙwaya guda in ta ruɓe takan ɓata nono duka.

Ganye ne yake dafa wa inabi zaƙi. Saboda haka in itace ya rasa rabin ganyensa, a rage masa nonna kamar rabi. Abin da ciwo, amma in an bar su duka ba za su yi zaƙi ba, itacen kuma zai galabaita har girbi na gaba ya shafu. Nonon da ya fito fili a ja masa ganye ya rufe shi don kada rana ta ƙona shi.

FESHI DA TAKI

Duk inda ɓawo ya ƙuje, ƙofa ce ta buɗe wa cuta, ga kuma laima. Cututtuka 2 ne suka fi bin bayan hadari. Ta farko takan sa ɗigo-ɗigo rawaya kamar tabon mai a saman ganye, a ƙarƙashinsa kuma a ga farin abu kamar auduga. Ta biyu takan yi baƙin tabo mai toka-toka a tsakiya, kamar idon tsuntsu, a jikin 'ya'ya da ɗanyun rassa.

Da zarar ganye ya tsane, cikin kwana 1 ko 2, a fesa maganin cutar ganye, irin mai sinadarin jan ƙarfe ko kuma Mankozeb. A bi awon da aka rubuta a jikin ƙunshin, a tabbata feshin ya sami ƙarƙashin ganye. A duba yawan kwanakin da aka ce a bari tsakanin feshi da girbi. In girbi ya kusa, a nemi shawarar malamin gona kafin a fesa. Mai feshi ya rufe hanci da baki, ya ba iska baya, ya yi wanka da sabulu in ya gama.

Kada a yi saurin zuba Yuriya wai don itace ya farfaɗo. Saiwar da ta jijjigu ba ta iya sha, in ma ta sha, lallausan toho za ta fitar wanda cuta ta fi so. A jira mako 2 zuwa 3, sai an ga sabon toho, sannan a sa ruɓaɓɓen takin gargajiya da ɗan Kamfa, nesa kaɗan da gindi.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Watan Maris da farkon Afrilu, kafin hadarin fari, shi ne lokacin gyaran rumfa. A sake zagawa a ƙarshen Agusta.

1. Dirkar baki ta fi kowace kauri. Tsawonta ya kai ƙafa 9, a binne ƙafa 3, wato kusan mita 1. A ɗan karkata kanta waje, ba cikin layi ba.
2. A yi mata turke. A auna ƙafa 4 zuwa 5 daga gindinta ta waje, a haƙa rami mai zurfin ƙafa 3, a binne babban dutse ko curin kankare da aka ɗaura wa waya mai kauri, a ja wayar zuwa kan dirkar. In ba fili a waje, a tokare ta daga ciki da gungume, gindinsa a kan dutse. In kuɗi bai isa gyara duka ba, to a fara kashe shi a nan.
3. Dirkokin tsakiya su yi ƙafa 8, a binne ƙafa 2. Tsakaninsu kada ya wuce ƙafa 20, wato mita 6.
4. Dirkar kankare ko ta bututun ƙarfe ta fi daɗewa. In itace za a sa, azarar giginya ta fi jure wa gara. Sauran itatuwa a ɓare su, a busar, a babbaka gindin a shafa kwalta kafin a binne. A cika ramin da tsakuwa a daddage.
5. A sayi farar waya wadda ba ta saurin tsatsa: lamba 8 ko 10 don manyan layuka, lamba 12 don na ciki. Ƙaramar lamba ita ce mai kauri.
6. Layi kada ya wuce mita 100. In gonar doguwa ce a raba shi biyu, kowane da dirkokin bakinsa.
7. A riƙa rage rassan da suka cunkushe da damina don iska ta sami hanya.
8. A dasa jerin itatuwa, kamar dogon yaro, ta gabashin gonar. Sukan kare fili mai nisan kamar ninki 10 na tsawonsu. A ba su tazarar aƙalla mita 10 daga layin farko saboda inuwa da saiwa.

Gwajin dirka ba wuya. A kama ta a girgiza. In ta motsa a hannunka, iska ba za ta bar ta ba. A tona gindinta kamar taƙi guda a soka wuƙa. In ta shige, gara ta riga ka.

SAURAN MASU HAWA

Wannan tsari ya shafi tumatirin damina da ake kafa wa sanda, da kokwamba, da soso, da furannin ado masu bin danga. Sai dai su ba su da haƙurin inabi, a ɗaga su a ranar. 'Ya'yan tumatirin da suka kwana a laka a cire su. A ƙara ƙasa a gindinsa, domin tumatir yakan fid da sabuwar saiwa a jikin karansa.

A TUNA

Ruwa a fara korewa, rumfa ta biyo, sannan itace, sannan feshi, taki daga ƙarshe. Kada a tone inabi sai an ba shi wata 2 bai yi toho ba.

Mai neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi malamin gona mafi kusa da shi, ko sashen aikin gona na ƙaramar hukumarsa, ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.