Wanda Ya Ƙetare Umarnin Alƙali

Sau da yawa mace takan zo gaban Hakimi a Rano ko Kibiya da takardar kotu wadda ta hana tsohon mijinta kusantarta, alhali kuwa bai daina tare ta a hanya ba. Lalle ne Hakimai da malamansu su gane cewa wannan magana ta wuce sulhu. Tun 1968 kotuna suka fita daga hannun En'e suka koma hannun Gwamnati, saboda haka hukunci ba na Hakimi ba ne.

Ga abin da za a yi:

1. Malamin Hakimi ya rubuta rana da wuri da sunayen shaidu.

2. A rakata da takardar zuwa kotun da ta ba da umarnin. Ƙetare shi raina kotu ne, alƙali kuwa yana da ikon hukunta mutumin.

3. In ya tsoratar da ita, a gaya wa 'yan sanda. Sashe na 397 na Final Kod ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara 2, ko 7 in kurarin kisa ne.

Kada Dagaci ko Mai Unguwa ya ce mata ta yi haƙuri ta koma gida. Jinkiri a nan yakan jawo asarar rai.