Batir Na Biyu A Motar Daji: Yadda Ake Zaɓensa Da Yadda Ake Cika Shi

'Yan'uwa fataken shanu. Da yawa daga cikinmu sun taɓa kwana a rugar Fulani ana ciniki, fitila na ci, rediyo na yi, ana cajin wayoyi, ga ɗan firij na allurar rigakafi. Gari ya waye, a murɗa makulli, mota ta ce ƙememe. Ga kuɗi a jiki, ga kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba ta jiran kowa. Maganin wannan shi ne batir na biyu, amma fa sai an san kansa.

Batir iri biyu ne. Na tada inji yana ba da wuta mai ƙarfi nan take, amma in ana zuƙe shi ƙarƙaf bai daɗewa. Ɗayan, irin wanda ake haɗawa da faranti mai hasken rana, an yi shi ne don a sha a hankali. Shi ya kamata mu saya. Ko shi ɗin ma, kar a sha fiye da rabi. Mai lamba 100Ah, 50 ne rabonmu; fitilar da ke jan amfiya 2 za ta ci awa 25 ke nan. A sayi ɗan ma'auni: batir cikakke da ya huta yana nuna 12.6, in ya sauko 12.2 an kai rabi, sai a kashe kaya.

Wajen caji, kar a bari mai gyaran wuta ya ɗaure batiran biyu kai tsaye, don tare za su mutu. A sa musu rile mai raba su: inji na tafiya su cika tare, an kashe inji kowa ya kama gabansa. Wayar ta zama mai kauri, a sa fis kusa da kowane batir, in ba haka ba gargadar hanya ta goge waya mota ta kama da wuta. Kuma barin inji na rabin awa a tsaye bai cika batir. Sai tafiyar awoyi, ko farantin rana mai na'urar daidaita caji. Batirin litiyam kuwa bai son zafin inji, kuma da tasa na'urar caji daban.

Hattara masu tsohuwar Land Cruiser mai gas: wasu 24 ne wutarsu, batiran nan biyu duk na tada inji ne. Wanda ya ja wuta daga guda ɗaya, ya kashe su duka.

A ɗaure batir tamau, a riƙa duba ruwansa lokacin bazara, a ƙara ruwan batir, ban da na rijiya. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a kasuwa, amin.